CIWON SUKARI GA YARA: ABIN DA JINI KE FAƊI

Darasin kiwon lafiya don masu karatun manya na Sanam da ƙasar Kurfai

Mutane da yawa suna tsammanin ciwon sukari ciwon manya ne, na masu ƙiba da mazauna birni. Amma yara ma suna kamuwa da shi. Yana kama ɗan manomi, yana kama ɗan makiyayi. In an gane shi da wuri, aka ba yaro magani, ana auna jininsa a kan kari, zai girma, ya yi lakwal, ya yi noma, ya yi aure. In ba a gane ba, cikin ƴan kwanaki sai yaro ya kwanta, har ya rasu, a ce zazzaɓi ne ko iskoki.

Darasin yau bisa awon jini ne. Awo iri huɗu ne ake yi ma yaro mai ciwon sukari. Kowane da abin da yake faɗi, kowane kuma da inda yake yin kure. Uba ko uwa da suka iya karanta lamba, suka iya rubuta ta cikin littafi, su ne mataimakan lokotoro na farko.

MINE NE CIWON SUKARIN YARA?

Abincin da mutum ya ci, tuwo ko fura ko shinkafa, yana narkewa cikin ciki ya koma sukari. Sukarin ya shiga jini. Jini ya kai shi ko'ina cikin jiki, don shi ne makamashin jiki, kamar yadda itace yake ga murhu. Amma sukari ba ya shiga tsoka shi kaɗai. Sai da taimakon wani ruwa da ake ce ma insulin. Wata ƴar halitta doguwa da ke kwance bayan tumbi ita ke yin insulin.

Ga yaro mai ciwon sukari, wannan halitta ta daina aiki. Sai sukari ya taru cikin jini, tsoka kuma tana jin yunwa. Ba laifin uwa ba ne. Ba shan zaƙi ya kawo shi ba. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukar shi daga wani.

Ga alamominsa:

1. Yaro ya yi ta shan ruwa, ƙishirwa ba ta ƙarewa.
2. Ya yi ta fitsari dare da rana. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi.
3. Yana ci, amma yana ramewa.
4. Kullum a gajiye yake.
5. Kiyashi suna taruwa inda ya yi fitsari.

Wanda ya ga waɗannan alamomi ga ɗansa, ya kai shi gidan likita ran nan, ya roƙi a auna sukarin jininsa.

Maganin wannan ciwo shi ne allurar insulin, kullum, har iyakar rayuwa. Babu saiwa ko sassaƙe da ke maye gurbinta. A shekara ta 1921 aka samo insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Lokotoro Banting da wani ɗalibi mai suna Best ne suka fara aikin. A watan Janairu na 1922 aka yi allurar ga mutum na farko, wani yaro. Kafin nan, duk yaron da ya kamu, mutuwa yake yi.

A ƙasar Mali, maƙwabciyar Nijar, yaran da aka sani da wannan ciwo a 2007 ƴan kaɗan ne. Aka horar da malaman asibiti, aka kawo kayan awo da insulin. Daga 2007 zuwa 2016 an gano yara da matasa fiye da 400. Dā ma yaran suna nan, gane su ne ba a yi.

DON MI AKE AWO?

Insulin yana da gwargwado. In ya yi kaɗan, sukari ya hau. In ya yi yawa, sukari ya faɗi. Dukansu biyu haɗari ne. Ido ba ya ganin sukarin da ke cikin jini. Yaro zai iya yin wasa, yana dariya, alhali sukarinsa ya ninka na mai lafiya. Shekara da shekaru, wannan sukari yana cin ƙananan jijiyoyin ido, da na ƙoda, da na ƙafa.

An yi wani babban bincike a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993. Mutum 1441 masu wannan ciwo aka bi, daga ɗan shekara 13 zuwa mai 39. An raba su kashi biyu. Kashi na farko suna auna jini sau da yawa kowace rana, suna daidaita allura bisa ga awon. Kashi na biyu suna bin tsohon tsari. Da aka duba, waɗanda ke awo sun sami sauƙin kamuwa da ciwon ido da kashi 76 cikin 100, ciwon jijiya da kashi 60 cikin 100, ciwon ƙoda da kusan rabi. Tun daga nan likitocin duniya suka ɗauki awo abokin tafiyar allura.

AWO NA FARKO: ƊIGON JINI NA YANZU

Wannan awo ana yin shi gida ko gidan likita, da wata ƴar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba. A wanke hannun yaro da ruwa da sabulu, a bari ya bushe. In akwai sauran dabino ko zuma ga yatsa, lamba za ta fito sama. A soki gefen kan yatsa. A ɗora ɗigon jini bisa ɗan tsinken awo da ke cikin na'ura. Nan take lamba ta fito.

A asibitocin Nijar, da giram cikin lita ake rubuta sukarin jini, kamar haka: 1,26. Na'urori da yawa kuwa 126 suke nunawa. Duk ɗaya ne. A sa waƙafi bayan lamba ta farko: 126 shi ne 1,26; 250 shi ne 2,50. In lamba biyu ce, a sa sifili gaba: 70 shi ne 0,70. Akwai wasu na'urori masu wani ƙidaya daban, masu nuna ƙananan lambobi kamar 7,0. Saboda haka ranar da aka karɓi na'ura a tambayi majo irin ƙidayarta.

Ga ma'anar lambobin:

Ƙasa ga 0,70: sukari ya faɗi. A ba yaro sukari yanzu.
Daga 0,70 zuwa 1,80: nan ake so yaro ya zauna mafi yawan lokaci.
Da safe kafin karin kumallo: an fi son daga 0,70 zuwa wajen 1,40.
Sama ga 1,80: sukari ya hau. Daga nan ne yake fara fita cikin fitsari.
Sama ga 2,50: a nemi awon asetan, wanda bayaninsa ke tafe.

In na'ura ta nuna haruffa biyu, LO, sukari ya faɗi ƙwarai. In ta nuna HI, ya hau ƙwarai, har ya wuce abin da take iya ƙidayawa.

Faɗuwar sukari ba ta jira. Yaro ya yi gumi, ya yi rawar jiki, ya ji yunwa mai tsanani, ya yi fushi babu dalili, ko maganarsa ta rikice. A ba shi ƙwayar sukari 1 ga kowane kilo 20 na nauyinsa. Yaro mai kilo 40, ƙwaya 2 ke nan. Bayan minti 15 a sake awo. In ya suma, kada a ɗura masa ruwa, don kada ya shaƙe. A kwantar da shi bisa haƙarƙari, a shafa masa zuma ko jiƙaƙƙen sukari cikin kumatu, a gaggauta zuwa gidan likita. Yaron da ke zuwa kiwo ko gona kada ya fita ba da sukari cikin aljihu ba.

Abin da ya fi kyau, a auna aƙalla sau 4 a rana: kafin cin abinci uku da kafin barci. Amma tsinken awo yana da tsada. In sun yi ƙaranci, kada a ƙare su ga awon safe kaɗai. A riƙa canza lokaci: yau da safe, gobe kafin abincin rana, jibi kafin barci. Haka cikin sati ɗaya za a ga hoton yini duka. A ajiye wasu don ranar rashin lafiya. Zafin bazara da raɓar damina suna ɓata tsinken awo. A rufe kwalbarsu gam, a sa ta inuwa, a duba ranar ƙarewar aikinsu.

Wannan awo labarin wannan lokaci kaɗai yake bayarwa. Manomi ya sani ruwan da aka yi yau ba ya faɗin yadda damina ta kasance. Sai an duba gero. Shi ya sa ake da awo na biyu.

AWO NA BIYU: AWON WATA UKU

Bisa takardar asibiti haka ake rubuta sunansa: HbA1c. A koyi gane waɗannan haruffa.

Cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, ƙanana ƙwarai, waɗanda ke ɗaukar iska daga huhu zuwa jiki. Abin da ke ba su ja sunansa emoglobin. Kowace ƙwaya tana rayuwa wajen kwana 120, sa'an nan ta mutu, sabuwa ta maye gurbinta. Cikin yawonta, sukari yana manne ma emoglobin, kuma in ya manne ba ya fita.

Kowa ya san ƙarangiya. Mutum biyu suka yi tafiya mai tsawo ɗaya. Na farko ya bi ta fili mai ƙarangiya kaɗan. Na biyu ya bi ta inda ta yi kauri. Da suka iso gari, ba sai an tambaye su ba. Wandonsu zai faɗi hanyar da kowa ya bi. Haka jajayen ƙwayoyi suke. In jinin yaro cike yake da sukari wata da watanni, da yawa daga cikin emoglobin nasa za su fito da sukari manne. Na'urar ɗakin awo ta ƙidaya kashi nawa ne cikin 100.

Wani lokotoro ɗan ƙasar Iran, Samuel Rahbar, shi ya lura da wannan ga jinin masu ciwon sukari a 1968, a birnin Tehran. A 1976 masu bincike a Amurka suka nuna za a iya bin lafiyar majiyyaci da shi. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi amfani da shi wajen gane ciwon, daga 6,5 zuwa sama.

Mai lafiya, lambarsa ba ta kai 5,7 ba. Ga yaro mai ciwon sukari, likitocin yara suna son ta zauna 7 ko ƙasa. Inda kayan awo ba su wadata ba, ko yaro yana yawan faɗuwar sukari, lokotoro zai iya sa masa 7,5. Kowane yaro da lambar da lokotoronsa ya sa masa.

Ga yadda lambar wata uku ke tafiya da matsakaicin sukarin jini:

6 daidai take da 1,26
7 daidai take da 1,54
8 daidai take da 1,83
9 daidai take da 2,12
10 daidai take da 2,40
12 daidai take da 2,98

Ana yin wannan awo sau 4 a shekara, kowane wata uku. Ba sai yaro ya kwana da yunwa ba. Ko ya sha fura da safe, lambar ba ta canzawa. Hana yaro abinci kwana biyu kafin zuwa asibiti ba ya gyara ta, wahala ce kawai da haɗari. Watan ƙarshe ya fi nauyi cikin lissafin: wajen rabin lambar daga gare shi take.

Yaron da ya fito da 11, bayan wata uku ya fito da 9, ya ci gaba. A yaba masa. Sannu ba ta hana zuwa.

INDA AWON WATA UKU KE YIN KURE

Wannan sashe shi ya fi shafar mutanen ƙasar Kurfai. Lissafin awon wata uku ya dogara ga abu ɗaya: jajayen ƙwayoyi su cika kwanakinsu 120. Mutumin da ya shiga filin ƙarangiya ya juyo daga rabin hanya, kaɗan zai kwaso, ko da filin cike yake. Wanda kuma ya daɗe ciki fiye da kima zai kwaso da yawa, ko da filin ba shi da kauri. Abubuwa huɗu ke kawo irin wannan.

Na ɗaya, zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar cikin jajayen ƙwayoyi take zama, tana fasa su. Jiki ya yi sababbi. Sababbin ba su daɗe cikin sukari ba, sai lamba ta fito ƙasa da gaskiya. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓi ya fi yawa. Awon da aka yi da kaka, bayan yaro ya sha zazzaɓi mai tsanani, a karanta shi da hankali.

Na biyu, amosanin jini, wanda wasu ke ce ma emasi ko sikila. Ga yaro mai SS, jajayen ƙwayoyi kwana 10 zuwa 20 kaɗai suke yi. Awon wata uku ba ya yi masa amfani. Mai AS kuwa lafiyarsa lau, amma wasu na'urori suna rikicewa da jininsa. A ƙasashen Hausa, kamar mutum 1 cikin 4 ko 5 AS ne. Don haka ya kamata a san irin jinin kowane yaro mai ciwon sukari. Awo ne da ake yi sau ɗaya a rayuwa. Akwai cibiyar ƙasa ta masu amosanin jini a Yamai.

Na uku, zubar jini ko ƙarin jini. Yaron da aka ƙara ma jini yana ɗauke da ƙwayoyin wani mutum wanda ba shi da ciwon sukari. Lamba za ta fito ƙasa. Sai bayan wata 2 ko 3 ake komawa ga wannan awo.

Na huɗu, ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe. Yana samun yaran da ba su samun nama, hanta, wake da ganye isasshe, da masu tsutsar ciki. Nan lamba sama take fitowa, fiye da gaskiya. In aka ƙara ma yaro insulin bisa ga ita kaɗai, sukarinsa zai iya faɗuwa.

Lokotoro da ke Filinge ko Yamai bai san abin da ya faru a gida ba. Iyaye su faɗa masa, ko bai tambaya ba: yaushe yaro ya yi zazzaɓi, an ƙara masa jini ko ba a ƙara ba, akwai amosanin jini cikin dangi ko babu, yana shan maganin ƙarin jini ko ba ya sha.

Akwai kure na biyar, wanda na lissafi ne. Awon wata uku matsakaici yake bayarwa. A haɗa 1,40 da 1,60, a raba biyu: 1,50. A haɗa 0,50 da 2,50, a raba biyu: 1,50 ne kuma. Yaro na farko yana zaune lafiya. Na biyu yana tsakanin suma da hawan sukari. Bisa takardar asibiti kuwa lambarsu ɗaya. Awon gida ne kaɗai ke raba su.

AWO NA UKU: AWON SATI BIYU ZUWA UKU

In jajayen ƙwayoyi ba su da tabbas, akwai wata hanya. Sukari yana manne ma wani abu daban da ke cikin ruwan jini, wanda hanta ke yi. Shi kwanakinsa kaɗan ne. Awonsa ana ce masa furuktozamin. Yana ba da labarin sati 2 zuwa 3 da suka wuce. Zazzaɓi da amosanin jini da ƙarin jini ba su ɓata shi kamar yadda suke ɓata awon wata uku. Yana kuma amfani in an canza gwargwadon allura ana son ganin sakamako da wuri.

Shi ma yana da iyaka. Ga yaro mai tamowa, ko mai kumburi na ciwon ƙoda, ko mai ciwon hanta, lambarsa ba abin dogara ba ce. Lokotoro ne ke zaɓar awon da ya dace da kowane yaro.

A manyan birane akwai wata ƴar na'ura da ake manna ma yaro ga dantse. Tana auna sukari dare da rana, kwana 10 zuwa 14. Abin da ake so shi ne yaro ya yi fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacinsa tsakanin 0,70 da 1,80, wato wajen awa 17 cikin 24. Tana da tsada ƙwarai. Wanda ba shi da ita, littafin awo shi ke tsaya masa.

AWO NA HUƊU: ASETAN, ALAMAR HAƊARI

In jiki ya rasa insulin, sai ya koma ƙona kitse. Ƙonawar tana barin wata guba cikin jini, sunanta asetan. In ta taru, jini ya yi tsami. Wannan shi ya fi kashe yara masu ciwon sukari.

Alamominsa: amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, wani wari ga baki kamar na ruɓaɓɓen ɗan itace, bushewar harshe, yawan barci, sa'an nan suma. Sun yi kama da na zazzaɓi mai tsanani. Saboda haka duk yaron da aka kawo gidan likita a wannan hali, a roƙi a auna sukarinsa tare da awon zazzaɓi.

Ana auna asetan da tsinken da ake tsomawa cikin fitsari, launinsa ya canza, a gwada da launukan da ke jikin kwalba. Akwai kuma na ɗigon jini. Ga na jini, ƙasa ga 0,6 babu komi. Daga 1,5 haɗari ya matso. Daga 3 zuwa sama, sai kwanciya asibiti.

A nemi wannan awo in sukari ya wuce 2,50, ko yaro yana amai, ko yana zazzaɓi. Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne su ce: "Bai ci komi ba yau, a bar allura." Jikin marar lafiya yana bukatar insulin ko bai ci ba. Kada a tsai da allura. A ba shi ruwa kaɗan kaɗan, a auna sukari kowace awa 2 ko 3, a kai shi gidan likita. A faɗa ma majo yaron yana da ciwon sukari kafin a ba shi magani, don zazzaɓi da maganin kinin suna iya kayar da sukari.

LITTAFIN AWO

Littafin lakwal mai arha ya isa. A ja layi biyar daga sama zuwa ƙasa: rana, lokaci, lambar sukari, gwargwadon allura, da abin da ya faru. Wurin na biyar a rubuta da Hausa, gajere: "zazzaɓi", "ya tafi kiwo", "biki", "tsinke ya ƙare", "ya suma". Bayan littafi a rubuta lambar awon wata uku da ranarta.

Ga misali biyu don a ga amfaninsa.

A ce wani yaro ɗan shekara 12. Cikin watan Nuwamba awon wata uku ya ba da 7. Kowa ya yi murna. Amma littafi cike yake da 2,30 da 2,50. Wurin na biyar an rubuta: "Oktoba, zazzaɓi, an ƙara jini." Lokotoro zai gane 7 ɗin nan ba gaskiya ba ce. Zai bi littafi ya gyara allura.

A ce kuma wata yarinya. Littafinta 1,20 da 1,30 ne kullum. Awon wata uku ya ba da 10. A duba wurin lokaci: duk awon na safe ne. Sukarinta da rana da dare yake hawa, lokacin da ba a aunawa. Wani sa'i kuma yaro yakan rubuta lamba mai kyau don tsoron faɗa. Kada a daki yaro don lamba. Lamba marar kyau ta gaskiya ta fi mai kyau ta ƙarya, don da ita ake gyara.

In uba da uwa ba su iya rubutu ba tukuna, wa ko ƴa da ke lakwal su rubuta, ko maƙwabci mai zuwa karatun manya. Malamin lakwal ma ya san halin yaron, ya bar shi ya sha ruwa, ya fita fitsari, ya ci sukari in ya ji alama.

INA ZA A JE?

Mataki na farko shi ne gidan likita na Sanam, wanda ake ce ma CSI. Majo ne zai rubuta takardar tura majiyyaci zuwa asibiti na gaba, ya kuma faɗi inda awon wata uku ya fi kusa. Akwai asibitin gunduma a Filinge. Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne, ta Baleyara. Manyan asibitocin Yamai suna da likitocin yara da ɗakunan awo.

Tafiya tana cin kuɗi, hanya kuma ba kullum take da sauƙi ba. Don haka a haɗa bukatu cikin tafiya ɗaya: awon wata uku, sayen insulin da tsinken awo, awon nauyi da tsawo. A tafi da littafi da na'ura. Daga shekara 11, in ciwon ya yi shekara 2 zuwa 5, ana ƙara awon ido da awon fitsari na ƙoda. A kwana cikin sange, wato gidan sauro, don yaron da bai yi zazzaɓi ba awonsa ya fi faɗin gaskiya. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya. Rana ce mai kyau ta karanta ma jama'a wannan darasi a dandali.

TAMBAYOYI DA LISSAFI

1. A faɗi alamomi uku na ciwon sukari ga yaro.
2. Na'ura ta nuna 65. A rubuta shi da waƙafi. Mi za a yi ma yaro?
3. Yaro yana da kilo 20. Ƙwayar sukari nawa za a ba shi in sukarinsa ya faɗi?
4. An yi awon wata uku a watan Janairu. A faɗi watanni uku na gaba da za a sake yi.
5. Kwalba tana da tsinke 50. Ana awo sau 2 a rana. Kwana nawa za ta yi?
6. Don mi awon wata uku ke fitowa ƙasa bayan zazzaɓi mai tsanani?
7. Yaro yana amai, bai ci abinci ba. A tsai da allura ko kada a tsai da ita?

Kowane ɗalibi ya ja layi biyar na littafin awo cikin littafinsa, ya kawo ma malami a zama na gaba. Wanda ya san gidan da ke da yaro mai waɗannan alamomi, ya karanta musu darasin nan, ya raka su gidan likita. Allah shi ba yaran ƙasa lafiya, amin.